Gara Da Tsohon Gida

1. Ɓarawon Da Ba Ya Fasa Ƙofa

Ya kai mai karatu, in kana zaune cikin gidan da ka gada, ko wanda ka saya ginanne tun da daɗewa, to, wannan magana da kai a ke yi. Ka san ɓarawo, ka yi masa ƙyaure da kuba. Ka san gobara, ba ka barin wuta kusa da danni. Ka san ruwan sama, kana yaɓe kafin damina. Amma akwai wata abokiyar gaba wadda ba ta fasa ƙofa, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara. Ita ce gara.

Malamai sun karanta mana labarin Annabi Sulaimanu, Alaihissalamu, cikin Suratu Saba'i. Ya yi wafati yana dogare da sandarsa, aljannu suna ta aiki ba su sani ba, sai da wata 'yar halitta ta ƙasa ta cinye sandar, sa'an nan ya faɗi. Masu tafsiri sun ce gara ce. To, ka lura da wannan. Duk mai duban sandar nan daga waje lafiya lau ya ke ganinta, alhali kuwa cikinta ya ƙare. Har yau haka gara ta ke aiki.

Mutane su kan ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Gaskiya ne, gama yoyo a kansa ya ke ɗiga. Amma gara ba ta ɗiga. Mai ɗaki ya kan kwana shekara da shekaru a ƙarƙashin rufin da an cinye rabinsa, bai sani ba. Rufin soro kuwa ƙasa ce mai nauyi, in ta sha ruwan Agusta nauyinta ya ƙaru. Ran da itacen da ke ɗauke da ita ya gaza, a kan masu barci ta ke sauka. Sabo da haka akwai mutanen da sana'arsu ke nan, binciken gara da yi mata magani. Nan gaba za ka ji yadda su ke aiki, da abin da ya kamata ka nema gare su, da kuma aikin da ya rage a wuyanka.

2. Wace Ce Gara?

Turawa su kan kira ta farar tururuwa, amma ita da tururuwa ba dangi ba ne. 'Yar'uwar kyankyaso ce, waɗansu masana na London sun tabbatar da haka a shekarar 2007. Irin gara da aka sani a duniya ya kai wajen 3,000, kaɗan ne daga ciki ke ɓarna a gidaje. Saura suna daji, suna cin mataccen itace da ciyawa da kashin shanu, suna huda ƙasa ruwa yana shiga. Manoman ƙasar Tawa a Nijar sun san haka. Su kan haƙa ƙananan ramuka a fako, waɗanda a ke kira tassa, su zuba taki, gara ta zo ta buɗe musu ƙasa, gero ya yi kyau. Garar daji ba mu da faɗa da ita. Da wadda ta shigo gida mu ke.

Garin gara kamar garin mutane ya ke, ko wa da aikinsa. Akwai uwar gara, tana kwance da mijinta cikin wani ɗan ɗaki na yumɓu mai tauri. Ta manyan suri tsawonta ya kan kai inci 4, ba ta iya tafiya, ba ta da aiki sai ƙwai. A rana guda ta kan yi ƙwai 20,000 ko fiye, ta kan kuma rayu fiye da shekara 10. Akwai ma'aikata, farare masu taushin jiki, galibinsu makafi. Su ne masu ɓarna, su ke ciwo abinci su ciyad da saura baki da baki. Akwai mayaƙa masu ƙaton kai da muƙamuƙi, irin zagon nan da ke cizonka in ka taɓa suri. Sa'an nan akwai masu fukafukai, watau shinge da gina, waɗanda ke fitowa da ruwan farko suna kewaya fitila. In sun sauka sai su zubad da fukafukai, mace da namiji su bi juna, su nemi ƙasa mai laima su shige. Ko wane biyu da suka tsira, sabon gari ke nan.

Manyan gara na ƙasarmu manoma ne. Ba su cinye itace nan take. Su kan kai shi gida, su tara shi kamar soso, wani tsiro dangin naman kaza ya fito bisansa ya narkad da shi, sa'an nan su ci. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa wajen maganar magani.

Duk da yawanta, gara tana da rauni guda. Fatarta ba ta da kauri, rana da busasshiyar iska suna kashe ta, tururuwa kuma suna farautarta. Don haka ba ta tafiya a fili. In za ta hau bango sai ta gina rufaffiyar hanya ta laka, kaurin tsinke ko na yatsa, ta bi ta ciki. Tilas ne kuma ta riƙa komawa ƙasa neman laima. Gidanta ya yiwu yana nesa da naka har taku 50, amma hanya tana nan a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya yanke hanyar nan tsakanin ƙasa da itace, shi ya yi maganin gara. Wanda ya kashe waɗanda ya gani a bango kaɗai, ya ɗebi ruwan kogi da ludayi.

Akwai wata iri dabam a garuruwan bakin teku masu laima, kamar Ikko da Akra. Ita ba ruwanta da ƙasa. Cikin busasshen katako ta ke zama ɗungum, cikin kujera ko gado ko ƙyaure. In ka sayo tsohon kayan katako daga can, ya yiwu ka zo da ita.

3. Abin Da Ya Sa Ta Ke Son Tsohon Gida

Maginan da sun san gara sarai. Shi ya sa su ke rufi da azara, wadda a ke faskarawa daga giginya. Sun fi son namijin giginya, sun kuma fi son gefen bayan kututture, gama nan ne mai tauri, tsakiyarsa taushi gare ta. Da azara da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakunan Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. In za a kafa dirka, a kan nemi ƙirya ko kanya. Dubi rumbu kuma. Don me a ke ɗora shi bisa duwatsu? Don iska ta bi ta ƙarƙashinsa, don kuma in gara za ta hau, tilas ta gina hanyarta a kan dutse inda ido zai gani. Duk ilmin gwanayen yau bai wuce wannan dabara ba, ƙari kawai suka yi mata.

To, in haka ne, me ya sa gara ke cin tsohon gida? Dalilai biyar ne.

Na ɗaya, ƙasa tana hawa. Ko wace shekara yaɓe yana zuba, shara tana taruwa, hanya tana tudu. Gindin bango da dokin ƙofa da a da su ke sarari, yau sun nutse cikin ƙasa.

Na biyu, laima. Indararo ya karye ruwa yana bin bango, ko bututun famfo yana yoyo a ƙarƙashin daɓe, ko makwarara ta toshe, ko wurin wanka yana jingine da ɗakin kwana. Ita kanta azara, in bakinta ya daɗe cikin jiƙaƙƙen bango sai ya ruɓe, in ya ruɓe kuwa gara ta samu. Zana da ƙiraren da a ke shimfiɗawa bisa azara tun fil azal abincinta ne.

Na uku, sabon itace. Magada su kan ƙara ɗaki, su ɗora kwano, su sa silin, su yi aikin da farin katako mai araha. Irin wannan katako gara ba ta jinkiri da shi.

Na huɗu, siminti a kan bangon ƙasa. Yana da kyaun gani, amma yana hana bango shan iska, laima ta taru a bayansa. Da ya rabu da ƙasar kaɗan, gara ta sami rufaffiyar hanya wadda ba ita ta gina ba, daga gindi har rufi. Siminti da kansa ba ta cinsa, amma tsagar da ba ta fi kaurin farce ba ta ishe ta wucewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle gara.

Na biyar, rufaffen ɗaki. A tsohon gida ba a rasa ɗakin da aka kulle tun rasuwar mai shi. Ciki akwai akwatuna, da tabarmi, da littattafan da kakanni suka rubuta da hannu, da takardun gida da na gona. Duhu, da shiru, da takarda, gara ba ta neman abin da ya fi haka. Azara in ta lalace a sayo wata. Littafin kakanka in ya tafi, ina za ka sayo shi?

4. Yadda Gwani Ke Bincike

In ka ga alamar gara ka aika a kira gwani, kada ka kankare hanyarta, kada ka fesa kome. In ka dame ta sai ta bar wurin ta ɓullo wani, gwani ya zo ya rasa sawu.

Kayan aikinsa ba su da yawa: tocila mai haske, da tsinken ƙarfe, da 'yar guduma, da tsani, da ƙaramar kwalba. Waɗansu suna da na'urar auna laimar bango, waɗansu har da kyamara mai nuna wurin da ya fi ɗumi ko sanyi. Amma babban kayan aikinsa ido ne, da kunne, da haƙuri. Gida madaidaici ya kan ci masa sa'a ɗaya ko biyu. Wanda ya leƙa zaure ya yanka maka kuɗi, bai yi bincike ba.

Da farko zai yi maka tambayoyi. Yaushe aka gina gidan? Ina aka ƙara gini? An taɓa zuba magani? Ina rijiya, ina masai, ina bututun ruwa ya bi? Shinge ya taɓa fitowa daga cikin ɗaki? Ka gaya masa gaskiya, kamar yadda ka ke gaya wa likita.

Sa'an nan ya kewaya gidan ta waje. Zai dubi gindin bango taƙi taƙi, da bayan dakali, da inda indararo ke zuba. Zai dubi kututturen itacen da aka sare aka bari, da itacen wuta da aka jingina da bango, da turken dabbobi, da suri ko jiɓa na kusa.

Daga nan ya shiga ciki, ɗaki ɗaki. A janye masa gado da akwati daga bango, a naɗe shimfiɗa. Ka shirya wa iyalinka tun da wuri, don kada a ce akwai ɗakin da ba shi shiguwa. Ɗakin da aka hana shi, shi ne sau da yawa gidan ɓarna. Bayan wannan ya hau tsani ya dubi bakin ko wace azara inda ta shiga bango, in kuwa gidan kwano ne ya shiga cikin silin.

Ga alamun da ya ke nema:

Hanyar laka a bango ko a jikin itace. Zai karya kamar tsawon yatsa. In ya ga gara ciki, ko ya komo bayan kwana kaɗan ya tarar an ɗinke wurin, tana nan da rai. In ya bushe yana marmashewa, tsohuwar hanya ce, amma wannan bai nuna ta bar gidan ba.

Amon itace. Lafiyayyen itace in an ƙwanƙwasa shi amonsa a cike ya ke. Wanda aka ci ya kan yi amo kamar ganga. In ya soka tsinke ya shige ba wuya, ya tarad da laka ciki, magana ta ƙare. Wani lokaci in ya buga ya kara kunne, sai ya ji kaf-kaf-kaf daga ciki. Mayaƙa ne ke buga kawunansu suna gargaɗin 'yan'uwa.

Fenti da ya kumbura, da ƙyauren da ya soma cijewa, da silin da ya yi ciki, da rufin soro da ya lotsa.

Fukafukai zube a bakin taga ta ciki. In daga waje shinge ya shigo neman fitila, da sauƙi. In daga daɓe ko bango ya fito, garin gara yana ƙarƙashinka.

Ɗan tsibin ƙwayoyi kamar yashi a ƙarƙashin kujera ko ƙyaure. Wannan kashin garar busasshen katako ne. In kuwa gari ne mai laushi kamar na tuwo, wani ƙwaro ne mai huda itace, maganinsa dabam.

Zai kama mayaƙa kaɗan ya sa a kwalba, gama da siffar kan mayaƙi a ke gane irin gara, da irinta kuma a ke zaɓen magani.

In ya gama, ka ce ya ba ka takarda. A zana gidan, a nuna inda gara ta ke da rai, da inda tsohuwar ɓarna ta ke, da inda laima ta ke, da wuraren da bai iya dubawa ba. Tun da ka iya karatu yanzu, ka karanta ta da kanka, abin da ba ka gane ba ka tambaya. In takardar ta ce itacen rufi ya ciwu, ka fid da mutane daga ɗakin a ran nan, ka kira magini ya tokare. Gwanin gara ya san ƙwaro, amma magini shi ya san abin da zai iya ɗaukar rufi. Haka kuma in za ka sayi tsohon gida, a yi binciken kafin ka biya. A Amurka masu ba da rancen sayen gida sau da yawa ba su sakin kuɗi sai sun ga irin wannan takarda.

5. Magani

Magani hawa hawa ne, na farkonsa kuwa ba ya cikin kwalba. A gyara indararo, a toshe yoyon famfo, a buɗe makwarara, a gyara ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje. A kwashe ƙasar da ta binne gindin bango da dokin ƙofa. A tumɓuke kututture, a kawad da itacen wuta. A fid da itacen da ya ciwu a ƙone. Gwanin da ya tsallake wannan ya tafi ga fesa, kuɗinka ya ke so.

Hawa na biyu shi ne yi wa gida ganuwa a cikin ƙasa. A kan haƙa 'yar lamba kewaye da gindin bango, faɗinta inci 6, zurfinta inci 6. A dama magani da ruwa a zuba, a jiƙa ƙasar da aka haƙo da shi, a mayar. Ga magunguna da yawa, awon ya kan kama lita 15 ga ko wane tsawon ƙafa 10, amma abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne hukunci. Inda akwai daɓen siminti sai a huda shi, rami da rami kamar ƙafa ɗaya, a tura magani da famfo, a toshe. In bangon ƙasa ne, a yi haƙar guntu guntu, kada a raunana gindinsa, kada kuma a jiƙa shi sharkaf. Abin lura shi ne kada ganuwar nan ta yanke ko da taƙi ɗaya. Birni mai ƙofa guda a buɗe, ai ba shi da ganuwa.

Magungunan ƙasa iri biyu ne. Akwai mai kora, kamar bifentirin da fametirin. Gara ta kan ji shi ta kauce, ta yi ta lalube har ta sami giɓi. Akwai kuma wanda ba ta ji, kamar fifronil da imidakulofirid. Ta kan ratsa shi ba ta sani ba, ta kwasa a jiki, ba ta mutuwa nan take sai ta koma ta shafa wa 'yan'uwa wajen lasar juna da ciyarwa. Don haka kada ka yi fushi in ka ga gara kwana kaɗan bayan an yi aiki, a kan ɗauki makonni. Ganuwar da aka yi da kyau ta kan yi shekara 5 ko fiye, in ba a tone ta ba, ambaliya kuma ba ta wanke ta ba.

Hawa na uku, itacen kansa. Duk sabon itacen da za a sa, a zaɓi mai tauri, a shafe shi da maganin katako kafin a ɗora, musamman bakinsa da inda aka yanka. Wanda aka dafa da magani a masana'anta ya fi wanda aka shafa, gama shafi bai wuce fata ba. Akwai maganin gishirin boron, mai sauƙin dafi ga mutum, amma ruwa yana wanke shi, sai a cikin ɗaki. Baƙin man mota da mutane ke shafawa ba abin dogara ba ne, yana kuma ɓata ƙasa da ruwa.

Akwai kuma dabarar tarko, wadda aka soma sayarwa a Amurka a shekarar 1995. A kan binne ƙananan gwangwanaye kewaye da gida, da abincin gara a ciki gauraye da maganin da ke hana ta saɓa. Ma'aikata su kai gida, gari ya mutu sannu a hankali. Tana aiki ƙwarai ga waɗansu iri. Amma ka tuna da manoman nan da muka ambata. Da ya ke su kan bi da abincinsu ta gonarsu tukuna, tarko bai cika cinsu da sauri ba. Ka ga amfanin kwalbar nan ta mayaƙa.

Fasa suri a fid da uwar gara yana da amfani in surin yana kusa da gida. Amma kada ka sake jiki. Waɗansu iri ba su gina suri ko kaɗan, a ƙarƙashin ƙasa su ke, waɗansu kuma in uwa ta mutu su kan naɗa wata.

Ita kuwa garar busasshen katako, maganin ƙasa ba ya taɓa ta. Sai a fid da katakon, ko a huda shi a ɗura magani, ko a gasa shi da zafin da ya kai awo 50 har cikinsa na kamar sa'a guda. A ƙasashen da ta yi yawa, a kan lulluɓe gida duka da tanti a saki iskar guba ciki. Wannan aikin masu izini ne kaɗai.

6. Guba Ba Ta San Mai Gida Ba

A da akwai magunguna masu ƙarfi, su aldirin da dildirin da kulodan. Suna kashe gara, suna kuma zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Daga baya aka gane suna shiga ruwa da kifi da nonon uwa, suna taruwa a jikin mutum. Amurka ta hana kulodan a 1988. A 2001 ƙasashen duniya suka ƙulla alkawari a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a kan barin su, alkawarin ya soma aiki a 2004, Nijeriya da Nijar suna ciki. A 2009 aka ƙara da lindan, wanda ke cikin Gammalin. In wani ya zo maka da irin waɗannan yana yabon ƙarfinsu, ka sallame shi.

Fiya-fiya tana kashe garar da ta taɓa, ba ta kai wa gari. Ƙwayar nan kuwa da a ke sa wa buhunan hatsi, wadda ke fid da iskar guba, kada ka kuskura ka sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi. Ta sha kashe mutane cikin barci.

Ran da za a yi aiki, a fid da yara da mata masu ciki da kaji da awaki. A rufe abinci da randa. Kada a zuba magani kusa da rijiya, ko a ƙasar da ta cika da ruwa, ko sa'ad da hadari ya taso. Fifronil yana kashe kifi da ƙudan zuma, kada a wanke kayan aiki a kududdufi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mai ko ruwa ciki. In magani ya taɓa mutum a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. In ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti maza, a tafi da kwalbar.

7. Gwani Da Mai Kama Da Gwani

Ba duk mai goye da famfon feshi ne gwani ba. Ka tambaye shi takardar izininsa ta hukuma. Ka ce ya nuna maka kwalbar a rufe, da sunan maganin, da ranar lalacewarsa, in a Nijeriya ka ke da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don lura da irin waɗannan kaya. A buɗe a gabanka, a dama a gabanka. Ka tambayi gidajen da ya yi wa aiki bara, ka je ka ji daga bakinsu. A rubuta kuɗi, da yawan magani, da alkawarin zai komo ya duba, da abin da zai yi in gara ta dawo. Ka ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin ka zaɓa. Wanda ya ƙi faɗin sunan maganinsa, da wanda ya ce gara ba za ta komo ba har abada, da wanda ya ce gidanka zai faɗi gobe in ba ka biya yau ba, duk ka yi hankali da su. Gara ba ta rushe gida a mako guda, kana da kwanakin shawara. Araha kuwa ba ta ado.

8. Maƙwabta Da Tsohon Katako

A cikin birni bangonka shi ne bangon maƙwabcinka, gara kuwa ba ta san iyaka ba. Ga misali daga nesa. A Amurka akwai wani birni, New Orleans, mai tsohuwar unguwa wadda gidajenta ke manne da juna kamar namu. Wata gara daga gabashin Asiya ta addabe su. Ko wa yana maganin gidansa, tana zagayawa ta gidan wani. A shekarar 1998 hukuma ta haɗa su, aka riƙa yi wa unguwar magani layi layi, sa'an nan garar ta ragu. Kai ma ka yi shawara da maƙwabtanka da mai unguwa, ku kira gwani ɗaya, ku raba kuɗin.

Ga wani misali kuma, a kan tsohon katako. Akwai wani tsibiri a tsakiyar tekun Atlantika, sunansa Santa Helena. Wajen shekarar 1840 aka kamo wani jirgin masu fataucin bayi aka kai can, aka farfasa shi, katakonsa ya shiga gari. Ashe da gara ciki. Kafin shekara 30 ta cinye yawancin gidajen babban garinsu, Jamestown, sai da aka sake gini. In za ka sayi tsohuwar azara ko ƙyaure daga rusasshen gida, ka duba, ka ƙwanƙwasa, ka shanya a rana, a shafa magani, kāna ka shigo da shi.

9. Aikinka Bayan Gwani Ya Tafi

Gwani sau ɗaya zai zo a shekara, kai kuwa kullum kana nan. Ka bar gindin bango a sarari, a share, yadda ido zai ga hanyar laka ran da aka soma ta. Ka ɗora akwati da buhu da littattafai bisa dutse ko benci mai ƙafar ƙarfe, ka ja su taƙi guda daga bango. Ɗakin da ba mai kwana ciki a buɗe shi ko wane mako ya sha iska. Kada ka haƙa rami ko ka yi shuka a kan lambar magani. Da faɗuwar ruwan farko ka ɗauki tocila ka kewaya gidanka ciki da waje, ka sake yin haka da kaka. Ka koya wa 'ya'yanka siffar hanyar gara, gama idon yaro ya fi naka kusa da ƙasa. Ka ajiye takardar gwani wuri ɗaya da takardun gida, ka rubuta ranar da zai komo.

Wanda ya gina gidan nan ya yi nasa, ya bar maka. Allah ya ba ka ikon miƙa shi ga na bayanka a tsaye, amin.

Tambayoyi

1. Don me gara ke gina hanyar laka in za ta hau bango?
2. Don me a ke ɗora rumbu bisa duwatsu?
3. Faɗi dalilai biyar da ke jawo gara tsohon gida.
4. In ka ga hanyar gara, me ya sa ba za ka kankare ta ba kafin gwani ya zo?
5. Mene ne bambancin magani mai kora da wanda gara ba ta ji?
6. Waɗanne abubuwa za ka nema a rubuta maka kafin ka biya kuɗi?
7. Tashi yanzu ka dubi gindin bangon ɗakin da ka ke kwana. Me ka gani?